Kwaɗo da Ƙafar Baba

Duk wanda ya taɓa yin damina a hostel ɗin maza ya san waƙar da ake yi mana a kududdufin bayan katanga. In dai an yi ruwa da yamma, ana idar da isha'i kwaɗi za su buɗe baki, ba kuma za su rufe ba sai an kira assalatu. Ga tes gobe, ga wuta an ɗauke, ga sauro, ga su kuma. A shekarata ta farko ina cikin 'yan sintirin da ke fita da fitilar waya da duwatsu a aljihu, mu yi ta jifa cikin duhu. Su yi tsit na minti biyu, muna juya baya su ɗora daga inda suka tsaya. Bana ko sau ɗaya ban fita ba, har abokan ɗakina sun laƙaba min suna lauyan kwaɗi. Na yi musu alkawarin zan rubuta dalilina a mujallar nan, don in na fara bayani a ɗaki ba sa barina in kai aya.

Daga ƙafar mahaifina abin ya faro.

Baba manomin shinkafa ne a fadamar garinmu. Rani da damina yana cikin ruwa, takalmi kuma ba ya cikin tsarinsa, wai santsi yake sa shi. Shekara shida ke nan da aka gano yana da ciwon suga. Magani yakan sha in ya tuna, ko in Umma ta tsaya a kansa. Abin da duk gidan ba mu sani ba shi ne, suga in ya daɗe a jiki yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali, har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Yana kuma rage jinin da ke sauka can ƙasa, shi ya sa ɗan ƙaramin ciwo sai ya ƙi warkewa. Wata rana da magariba Umma ta ga jini a kan buzun sallarsa. Aka duba, sai ga huda a tafin ƙafar dama, dab da ƙaramin yatsa. Shi kansa bai san yaushe ya samu ba, bai san me ya taka ba. Ya ce ƙwarzane ne, a rabu da shi.

A nan na shigo, kuma wannan ne ɓangaren da ba na son faɗa. Tun da na samu gurbin karatun fasahar ɗakin gwaje-gwaje Baba yake kirana Likita. Shi da wasa ya fara, ni kuma na ɗauka da gaske. Lokacin ina gida ina jiran fara SIWES. Na je kemis na sayo ja-da-yalo, na ɓare kafso biyu na barbaɗa garin a kan ciwon kamar yadda kowa ke yi a garinmu, na naɗe da bandeji. Na haɗa masa da amfikulos, safe da yamma. Kwana uku bakin ciwon ya bushe, Baba ya ce alhamdulillahi ya koma gona, sauran maganin muka ajiye a saman kwaba don wata rana. Bayan mako guda ƙafa ta kumbura. Mai kemis ya ce wannan sai sifro. Na tambayi kuɗin kati guda, na laluba aljihuna, na ce ya yanko min rabi. Ya sa almakashi ya yanko, bai ce uffan ba, ni ma ban ga aibun hakan ba. Daga baya wani mai allura da ke zagayawa a babur ya yi masa guda uku, har yau ban san ta mece ce ba. Aka shafa zuma, aka wanke da ruwan bagaruwa. Mako shida muna wannan fama. Ranar da na kwance bandeji na ga ya rine kore-kore, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika ɗakin, Umma ta dube ni ta ce, "Kai yaron nan, gaya min gaskiya, abin nan ya fi ƙarfinka ko?" Na ce ya fi.

Allah ya sa a makon ne na fara SIWES a wani asibiti a birni, can muka kai shi aka ba shi gado. Ni kuma aka tura ni sashen da ake noman ƙwayoyin cuta, ƙarƙashin wata Hajiya da ta haura shekara ashirin a kan aikin. Noma na ce, don kuwa noman ne: a shafo ruwan ciwo da auduga a tsinke, a goga a faranti mai abincin bakteriya, a sa a inkubeta mai ɗumin jikin mutum, digiri 37, gobe da safe a zo a ga abin da ya tsiro. Na Baba ya tsiro da wannan koren launin da na gani a bandeji. Hajiya tana ɗaga farantin ta ce Pseudomonas aeruginosa ce, sauran gwajin na tabbatarwa ne kawai. Ƙwaya ce mai son laima, tana zama a ruwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma ko a asibitocin Turai sun san taurin kanta.

Sai mataki na biyu, wanda duk ɗan sashenmu ya zana a littafin firatikal. A shimfiɗa ƙwayar a sabon faranti ta rufe ko'ina, sannan a jera wasu 'yan mitsi-mitsin takardu masu zagaye, kowace an jiƙa ta da magani iri guda. In maganin yana aiki, washegari za ka ga fili fes ya kewaye takardar, inda ƙwayar ta kasa tsirowa. A auna faɗin filin da rula, a duba jadawali, a rubuta S in maganin yana cinta, a rubuta R in ta gagare shi. Hajiya ta san farantin na mahaifina ne, amma ta miƙo min rula ta ce, "Ɗana, kai za ka karanta." Sifro: ƙwayar ta tsiro har jikin takarda. R. Jentamaisin, R. Na gaba, R. Na bayansa ma R. Cikin takardu shida, guda ɗaya tak ce ke da filin kirki a gefenta, ita ma ta wata allura ce da ban taɓa jin sunanta a kemis ɗin garinmu ba. Hannuna ya yi ta rawa har rular ta suɓuce.

Na ce, "Hajiya, ni na jawo wannan?" Na zayyana mata duk abin da na ba shi. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce ja-da-yalo da amfikulos tun asali ba sa taɓa wannan ƙwayar. Abin da suka yi shi ne share mata gona, sun kashe masu rauni sun bar ta ita kaɗai tana cin karenta ba babbaka. Rabin katin sifro kuwa, ta ce, kamar ka mari ɓarawo ne ka sake shi, gobe ya san ta inda zai ɓullo maka. "Ko da taurinta ya ɗauko ta a fadama, ko a gidanku ta koya, duk dai hannun mutane ne. R ɗin da nake rubutawa yanzu ya ninka na lokacin da na fara aiki."

Yadda abin ke faruwa ba tsafi a ciki. Bakteriya haihuwarta rabuwa ce gida biyu, wasu duk minti 20 in sun samu abinci da ɗumi. A cikin miliyoyi ba za a rasa 'yan ƙalilan da aka haifa da ɗan canjin da ke sa magani ya yi musu wuyar kashewa ba. In maganin bai kai ba, ko ba shi ne ya dace ba, sai ya kashe sauran ya bar waɗannan, su hayayyafa su gaji gidan. Har miƙa wa juna wannan dabarar suke yi, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi kashedi a kan shan maganin da bai kai ƙima ba tun a 1945, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel. A 2022 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani babban lissafi: a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da suka gagari magani, adadin da ya wuce na ƙanjamau, ya wuce na maleriya a wannan shekarar. Yankin da abin ya fi yi wa ɓarna a duk duniya kuwa namu ne, yammacin Afirka, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Na taɓa jin makamancin wannan a lakca, na rubuta, na haddace don jarrabawa, na manta.

Ni ke kwana da Baba a ɗakin maza, a kan tabarma a gindin gadonsa. Da rana ina leb, da dare ina jinya. Barci ba ya zuwa, sai in yi ta latsa waya ina neman amsar tambaya guda: in wannan S ɗin da ya rage shi ma ya koma R, sai me? A wannan lalube na ci karo da kwaɗo.

A shekarun 1980 akwai wani likita Ba'amurke, Michael Zasloff, yana aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ake kira NIH. Ba maganin ƙwayoyin cuta yake nema ba sam. Ƙwan kwaɗo yake amfani da shi a binciken ƙwayoyin gado, na wani kwaɗon ruwa ɗan asalin kudancin Afirka, Xenopus laevis, mai 'yan farata a ƙafafun baya. Kwaɗon nan dama ya daɗe yana yi wa ɗan Adam bauta, don daga shekarun 1930 har zuwa na 1960 da shi ake gwajin ciki: a yi wa kwaɗuwar allurar fitsarin mace, in matar tana da juna biyu sai kwaɗuwar ta saki ƙwai kafin kwana guda. To shi Zasloff in yana son ƙwai sai ya tsaga cikinta, ya ɗiba, ya ɗinke, ya mayar da ita tankin da sauran ke ciki, ruwan da suke ci suke kashi a cikinsa. Ba allura, ba kafso. Ya daɗe yana haka, ɗinkin yana warkewa lafiya ƙalau, da wuya ka ga ya kumbura ko ya yi ruwa. Rannan sai ya tsaya ya tambayi kansa, to me ke kare su? Ya koma kan fatar, ya yi ta tacewa, a 1987 ya buga abin da ya samu: wasu 'yan gajerun sinadarai guda biyu masu kashe bakteriya iri-iri, har da wasu nau'o'in fangas. Ya sa musu suna magainin, daga kalmar Ibrananci mai ma'anar garkuwa.

Ba shi ne farkon wanda ya leƙa fatar kwaɗo ba. Wani Ba'italiye, Vittorio Erspamer, ya shafe shekaru masu yawa yana tsamo sinadarai daga cikinta kafin nan. Mutanen ƙauye a Rasha ma a da sukan jefa kwaɗo a cikin madara don kada ta yi saurin tsami, kuma a 2012 masana a Jami'ar Mosko suka bincika fatar irin wannan kwaɗon suka samu feftayid fiye da 70. Amma aikin Zasloff ne ya sa duniya ta waiwayo.

Feftayid, ga waɗanda ba 'yan kimiyya ba, ɗan guntun furotin ne. In furotin dogon carbi ne mai ɗaruruwan 'ya'ya, feftayid ɗan gajeren carbi ne, 'ya'yan kuma su ne amino asid. Magainin 'ya'ya 23 gare shi. Dalilin da ya sa kwaɗo ke buƙatarsa kuwa a fili yake in ka dube shi da kyau. Ba shi da gashi, ba shi da ɓawo irin na kifi ko ƙadangare. Fatarsa sirirya ce, kullum a jiƙe, har numfashi yake yi da ita, ga shi kuma gidansa taɓo. In da ba shi da kariya, da bakteriya sun cinye shi tun yana talibambam. A cikin fatar akwai 'yan jakunkuna da ke ajiye waɗannan feftayid, in ya ji rauni ko ya firgita sai su matso su waje. Mu ma muna da irin namu a fata da gumi da fararen ƙwayoyin jini, sai dai na kwaɗi sun fi yawa, sun fi sauƙin tattarawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke kisa. Yawancin magungunan da muke sha kamar makulli suke, kowane an yanka shi don kwaɗo guda, na ƙofa nake nufi yanzu. Maganin ya shiga jikin bakteriya ya nemi wani wuri takamaimai ya toshe shi. Ita kuma in ta canja kwaɗon ƙofar, makullin ya zama ƙarfen banza. Wasu ma ba sa wahalar canji: akwai masu fitar da sinadarin da ke karya makullin, haka suke yi wa penisilin da danginsa, akwai masu famfon da ke tofar da maganin waje yana shiga, haka ake yi wa tetarasaikilin, wato ja-da-yalon nan namu. Feftayid ɗin kwaɗon ruwa ba ruwansa da kwaɗon ƙofa, katanga yake fasawa. Yana ɗauke da caji fozitif, fatar bakteriya kuma negetif ce daga waje, sai su manne kamar maganaɗisu. Yana mannewa sai ya murɗe kamar sifirin, gefe guda mai son maiƙo, gefe guda mai son ruwa. Gefen maiƙon ya nutse cikin fatar ƙwayar, 'yan'uwansa su taru a wurin, su huda ta. Kayan cikinta su tsiyaye, cikin mintuna ta mutu. Ƙwayoyin jikinmu kuwa fuskarsu ta waje ba ta da wannan cajin sosai, ga kolestarol da ke ƙara musu ƙwari, shi ya sa feftayid ɗin ya fi karkata ga bakteriya. Kafin ƙwaya ta kuɓuce wa irin wannan hari sai ta sake fasalin katangarta, wanda ya fi canjin kwaɗo wuya nesa ba kusa ba.

Wajen ƙarfe biyun dare na iso layin da ya sa na miƙe zaune. An kafa kamfani a kan wannan binciken, suka gyara magainin suka fitar da wani mai 'ya'ya 22 da ake kira pexiganan, suka yi man shafawa da shi. Kuma ciwon da suka zaɓa su gwada shi a kai shi ne gyambon ƙafar masu ciwon suga. Wallahi sai da na ɗaga kai na kalli ƙafar Baba a kan filo, a naɗe, tana wannan warin. Na shiga neman inda ake sayar da shi, ina lissafin wa na sani a waje da zai aiko mana.

Ba a sayar da shi ko'ina. An gwada shi a kan majinyata fiye da 800, aka kwatanta shi da ƙwayar ofloxacin da ake haɗiya, sakamakon ya zo kusan kunnen doki. A 1999 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa da shi, ta ce hujjar ba ta isa ba. Ya yi shekaru a ajiye, wani kamfanin ya sake ɗauko shi ya yi sabon gwaji, a 2016 aka sanar cewa bai fi man da ba magani a cikinsa ba, in dai ana kula da ciwon yadda ya kamata. Shekara kusan talatin daga tankin Zasloff, aka tashi a tutar babu.

Na ji haushi a daren, kamar wani ne ya yi min alkawari ya saɓa. Sai daga baya, da na ƙara karatu da sanyin rai, na gane cewa tsakanin faranti da majinyaci akwai tafiya mai nisa. Feftayid furotin ne, in ka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar tsoka. In aka sa shi a jini, akwai sinadaran da ke daddatsa shi cikin ɗan lokaci, gishirin jini da sauran furotin kuma suna rage masa kaifi. In ka ƙara yawansa don ya yi aiki, wasu sukan fara fasa jajayen ƙwayoyin jinin mutum, don katanga ai katanga ce. Haɗa shi a masana'anta ɗa bayan ɗa yana da tsada. Shi ya sa aka fi gwada su a matsayin abin shafawa. Ko maganar cewa bakteriya ba za ta iya gagararsu ba, ita ma an rage mata gishiri: a 2006 wasu masana, da Zasloff ɗin kansa a cikinsu, suka yi ta renon bakteriya cikin pexiganan kaɗan-kaɗan har zuriya ɗari shida zuwa bakwai, daga ƙarshe ta saba da shi. Sannan ga kasuwa. Maganin suga ko hawan jini mutum zai sha har ƙarshen rayuwarsa, sabon antibayotik kuwa na mako ɗaya ko biyu ne, likitoci ma ɓoye shi suke yi sai ta ɓaci. Wani kamfanin Amurka, Achaogen, ya samu amincewar sabon antibayotik ɗinsa a 2018, a 2019 ya durƙushe.

Duk da haka ni ban ɗauki labarin kwaɗo a matsayin wanda ya mutu ba. Zuwa yanzu an rubuta feftayid masu kashe ƙwayoyin cuta fiye da 1,000 daga kwaɗi da danginsu, irin su dermaseptin daga wani kwaɗon bishiya na Kudancin Amurka da temporin daga na Turai. Ana gajarta su, ana canja musu 'ya'ya don kada jini ya daddatsa su, ana haɗa su da tsofaffin magunguna don su huda katanga tsohon makulli ya samu hanyar shiga. Wataƙila a zamaninmu wani ya kai kanti. Amma in kun ga an yaɗa a Facebook ko WhatsApp wai an gano maganin da ke kashe duk wata ƙwaya a jikin kwaɗo, ku tambaya: a faranti, a ɓera, ko a mutum? A faranti ai ko ruwan bilic yana kashe komai.

Abin da ya tsaya min a rai daga gwajin 2016 ba faɗuwar maganin ba ce. Waɗanda aka yi gwajin a kansu masu ƙaramin ciwo ne, wanda bai yi zurfi ba, kuma da yawa cikin waɗanda aka ba man banza sun warke, saboda ana wanke musu ciwon, ana yanke mataccen nama, ana hana su taka shi, ana duba su a kai a kai. Ciwon Baba ke nan a makonsa na farko, ranar da na tsaya a kansa ina ɓare kafso.

Allurar nan mai S ta yi aiki. Kwana goma sha huɗu ana yi masa ta jijiya, kullum ana wankin ciwo, ana auna suga, aka ɗora shi a kan insulin. Buhun shinkafa tara muka sayar, har da wanda aka ware don kuɗin makarantata, sai Kawu ne ya cike min. Yatsu biyu ba su tsira ba, ƙaramin da na kusa da shi, likita ya cire su. Ƙafar dai ta tsira. Mutumin gadon da ke kallon namu, shi a ƙasan gwiwa aka yanke tasa.

Ana gobe za a sallame mu na ba Baba labarin Zasloff tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Likita, kwaɗin ai ga su can a gonata, shekara arba'in muna tare ko sisin haya ba su taɓa biya ba. In mun koma ka kamo min ɗaya mu ɗaura." Muka yi dariya har nas ta leƙo. Amma tun da na san halin 'yan hostel, bari in faɗa da babbar murya: kada wanda ya shafa kwaɗo a ciwo. Abin da ake magana a kai ana tace shi ne da injina daga cikin ɗaruruwan sinadarai. Jikin kwaɗo da ruwan da yake ciki suna ɗauke da nasu ƙwayoyin cutar, irin su Salmonella. Shi kuma mai ƙurajen nan da ke shigowa tsakar gida, a bayan idanunsa akwai kumburi biyu masu fitar da farin dafi da ke taɓa zuciya.

Da muka dawo makaranta aka ce kowa ya kawo taken furojet, na rubuta nawa a kan kwaɗin kududdufin bayan hostel. Hujjata ita ce a yammacin Afirka ma akwai dangin Xenopus, ga manyan kwaɗin fadama da ake kamawa ana busarwa ana kaiwa kudu, me zai hana a duba nasu? Malamin da aka ba ni ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Tunanin yana da kyau. Da me za ka yi?" Ya lissafa min: sai an ɗan taɓa kwaɗon da lantarki mai rauni ya fitar da ruwan, a wanke, a daskarar a busar, a raba sinadaran da injin HPLC, a gano jerin 'ya'yan kowane da wani injin mai auna nauyin sinadarai. "In ka zuba ɗanyen ruwan fata a faranti ka ga fili, me ka gano? Ba ka san wanne ne ya yi aikin ba, ba ka san nawa ka zuba ba." Na ce, "Malam, to ko shi ɗin ai mafari ne." Ya ce mafari ne, amma in ajiye shi sai na je inda ke da kayan aiki, ya ma ce zai rubuta min takarda in lokacin ya zo. A yanzu, in ji shi, akwai aikin da rula da faranti sun ishe shi, kuma ba mu da masu yinsa da yawa: a tattara a ga wane magani ne har yanzu ke ci a nan, wanne ne ya mutu. Shi nake yi. Hajiya ta samo min izinin duba tsofaffin rajistocinsu, ba sunan kowa, R da S kawai. Takardar kwaɗin tana nan a ƙasan akwatina.

Tun da na fara, idona ya buɗe a kan lokokin ɗakinmu. Mu shida ne, na ƙirga guntayen kati goma sha ɗaya, kowane an sha an bar saura. Makon jiya ɗaya daga cikinmu ya tashi da mura ya ce in ara masa amfikulos biyu. Na ce mura bairos ce, antibayotik ba ya taɓa ta. Ya ce lauyan kwaɗi ya fara. Ya je ɗakin gaba ya samo.

Hutun da ya wuce na je gida ana tsakiyar damina. Baba yanzu da takalmin roba mai tsawo yake shiga gona, yana mita amma yana sawa. Kowane dare Umma tana haska tafin ƙafarsa da tocila, tana duba tsakanin yatsun da suka rage. Kowace safiya kuma sai ya kifa takalmin ya zazzage kafin ya zura ƙafa, don ƙafar ba za ta gaya masa in kunama ta kwana a ciki ba. Ranar da zan dawo, yana zazzagewa sai ga wani ɗan kwaɗo ya faɗo tim, ya tsaya yana ƙifta ido a tsakar gida. Ƙanina ya rarumo muciya. Baba ya ce, "Kai, bar shi. Abokin aikin yayanka ne." Ya sa gefen takalmin ya tura shi a hankali wajen magudanar ruwa, ya zura ƙafa, ya ɗauki fartanyarsa.